Darasin da na ɗauka a shagon mai gyaran rediyo a Shagari

Ranar Babbar Sallar da ta wuce ɗan yayata ya kawo mana ziyara Bodinga daga Sakkwato, da kwamfutarsa a jaka. Yaron yana cikin samarin nan masu haɗa kiɗan waƙoƙin fim da na biki, kuma ba laifi, Allah ya ba shi hannu. Bayan mun ci nama sai ya kunna mini wani sabon kiɗa da ya haɗa, ya tsare ni da ido, ya ce, "Kawu, ƙaƙa kaj ji shi?"

Na ce kiɗa ya yi daɗi, amma ba shi da gindi.

Sai ya yi dariya, a zatonsa zolaya nake yi. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya gyara zama. Ashe ya daɗe da jin labari a bakin mahaifiyarsa cewa wai a zamanin samartaka na taɓa kaɗa jitar bes, wato jitar nan mai dogon wuya da igiya huɗu masu kauri, wadda sautinta yake fitowa daga ƙasa kamar rugugin hadari. Ya ce shi ma yana son ya koya, musamman salon rege, don haka in faɗa masa me zai saurara. Na yi masa alkawarin zan rubuta. Da na zauna rubutun sai na ga ai ba shi kaɗai ke da buƙatar ba, domin cikin masu karanta wannan mujalla akwai da yawa da ke mafarkin shiga sutudiyo wata rana. Shi ya sa na ce bari in baje shi a faifai kowa ya ɗiba.

A shekarar 2000, shekarar da fim ɗin Wasila ya fito, lokacin kuma waƙar Sangaya tana tashe a kowane shagon kaset, na gama sakandare ban samu ci gaba ba. Mahaifina ya ce zaman banza ba nawa ba ne, ya tura ni garin Shagari wurin wani mai gyaran rediyo in koyi sana'a. Wanda ya san hanyar Sakkwato zuwa Jega ya san garuruwan biyu a kan titi ɗaya suke, ka baro Bodinga ka nufi Tambuwal sai ka ratsa ta Shagari, garin marigayi shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari. A wurina a lokacin kamar an kai ni wata duniya ne.

Maigidana mutum ne mai ƙarancin magana. Ya yi shekaru a Legas kafin ya dawo gida, kuma sai da na yi wata uku a shagon kafin na san abin da ke cikin dogon buhun da ke rataye a bayan ƙofa. Wani dare an ɗauke wuta, ya jawo batirin mota, ya haɗa da wata amfilifaya da ya ƙera da hannunsa, ya zaro jitar. Da ya taɓa igiya ta sama, wallahi ba da kunne na fara ji ba, a ƙirji na ji. Kwanon da muke zuba ƙananan kusoshi ya kama rawa a kan tebur. Ashe a Legas ya yi zaman kiɗa a wani otal, zamanin da Majek Fashek da Ras Kimono da su Mandators suke tashe. Nan take na ce ya koya mini.

Ya ce to. Amma sai ya mayar da jitar cikin buhu, ya miƙo mini kaset.

Wata biyu cur ban taɓa igiya ba. Aikina shi ne in saurari waƙa, in ware kiɗan bes daga cikin sauran kayan kiɗa, in rera shi da baki. Kullum da yamma yana riƙe da ƙarfen like zai ce, "Yaro, mi kaj ji yau?" In na rera daidai ya gyaɗa kai, in na kuskure ya ce in sa biro in mayar da kaset baya. Hujjarsa ita ce abin da baki bai iya faɗa ba, yatsa ba zai iya faɗa ba. Ya ce in dubi mai kalangu: kafin ya buga taken wani, ai sai da maganar ta zauna masa a kai, sannan gangar ta faɗe ta. To ga kasusuwan da ya bi da ni, a jere kamar yadda ya jera mini su.

Da Bob Marley muka fara, domin shi kowa ya sani. Sai dai maigida ya ce in manta da Bob ɗin, in bi mutumin da ke bayansa, Aston Barrett, wanda ake wa laƙabi da "Family Man". Shi ne mai bes na ƙungiyar Wailers, ƙanensa Carlton Barrett kuma shi ne mai ganguna. Waƙar farko da aka ba ni ita ce "Natural Mystic", wadda ta buɗe faifan Exodus na 1977, wanda suka ɗauka a Landan bayan harin bindigar da aka kai wa Marley a Jamaika a Disambar 1976. Waƙar tana shigowa ne a hankali, kamar mota daga nesa, kuma bes ne ke janye da ita. Sautukan da ke ciki ba su da yawa, yaro ma zai iya haddace su a wuni ɗaya. Wahalar tana wurin tsayawa. Mutumin yana bugawa, ya yi shiru, ya sake bugawa, kuma shirun nan yana da awo kamar yadda bugun yake da awo.

Daga nan sai faifan Survival na 1979, musamman waƙar "One Drop". Sunan waƙar shi ne sunan salon gangar. Mai karatu, ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. A yawancin kiɗan da ka saba ji, babbar ganga tana sauka ne a kan ɗaya. A wannan salo mai ganga yana barin ɗaya fanko, sai a kan uku yake saukar da nauyinsa. Wannan rami da aka bari shi ne filin mai bes: ya ga dama ya cike shi, ya ga dama shi ma ya tsallake. Sai ka koma waƙar "Exodus" ɗin kanta ka ji bambanci, inda babbar ganga take sauka a kan kowane bugu kamar tafiyar sojoji. In ka iya bambance waɗannan biyun da kunne, ka ci rabin jarrabawa.

Na daɗe ina tuntuɓe a kan wannan rami. Wata safiya muna shan koko a ƙofar shago, mata suna daka a gidan da ke bayanmu, su biyu a turmi ɗaya suna lugude. Maigida ya ɗaga yatsa ya ce in saurara. Ya ce in duk su biyun suka saki taɓarya lokaci ɗaya, me zai faru? Na ce za su yi karo. Ya ce to mai bes da mai ganga haka suke, turmi ɗaya suke daka, kowa ya san lokacin da zai ɗaga don ɗan'uwansa ya sauka. Tun daga ranar ban sake ɓata a "One Drop" ba. Abin da na yi wata ina nema a kaset ɗin Jamaika, ashe da shi aka yaye ni a tsakar gidanmu.

Mataki na biyu shi ne komawa baya, zuwa sutudiyon Studio One na Coxsone Dodd a birnin Kingston. A can akwai Leroy Sibbles, wanda mutane suka fi sani a matsayin mawaƙin ƙungiyar Heptones, alhali shi ne ya kaɗa bes a kiɗa da dama da har yau ake cin moriyarsu. Nemi "Satta Massagana" ta ƙungiyar Abyssinians, wadda aka ɗauka a 1969. Kiɗan bes ɗinta yana tafiya a natse, da wani irin sauti mai sa mutum tunani, kuma yana da kai da gindi kamar zance. Sannan nemi wani kiɗa mai suna "Full Up". In ka ji shi za ka ce ai ka san shi, domin a kansa aka gina "Pass the Dutchie" ta yaran nan Musical Youth na Ingila, wadda ta zagaye duniya a 1982. A nan ne za ka gane wani sirri na mutanen Jamaika: a wurinsu kiɗan bes shi ne asalin waƙa. Kiɗa ɗaya sai mawaƙa barkatai su hau kansa, kowa da baitinsa, shekara da shekaru, kuma da an saki bes kowa ya san wane kiɗa ne tun kafin mawaƙi ya buɗe baki.

Mataki na uku shi ne Robbie Shakespeare, wanda a wurin Family Man ya koyi kiɗa, daga baya ya haɗu da mai ganga Sly Dunbar suka zama tagwayen da ake kira Sly da Robbie. Saurari faifan Red na Black Uhuru, 1981, musamman "Sponji Reggae". Hannun Robbie ya fi na malaminsa nauyi da tsauri. Sai ka sanyaya kunne da "Night Nurse" ta Gregory Isaacs, 1982, inda Flabba Holt na ƙungiyar Roots Radics ya kaɗa bes. Ga duk mai haɗa kiɗan waƙar soyayya a fim, wannan waƙar makaranta ce. Muryar mawaƙin taushi gare ta, kiɗan bes ɗin kuma gajere ne yana ta maimaita kansa, amma shi ya riƙe waƙar kamar yadda ginshiƙi ke riƙe soro. Ba ya gasa da murya, ba ya kuma barin ta ta faɗi.

Sai dai duk waɗannan share fage ne. Abin da maigida ya fi ƙauna shi ne salon da ake kira dob, kuma sai daga baya na gane dalili. A Jamaika in an buga ƙaramin faifai, gaba waƙa ce, baya kuma kiɗan waƙar ne ba murya. Sai wani mutum mai suna Osbourne Ruddock, wanda duniya ta sani da King Tubby, ya mayar da bayan faifan nan fasaha mai zaman kanta. A ɗan sutudiyonsa da ke unguwar Waterhouse a Kingston, yakan ɗauki waƙar da aka gama, ya zare murya, ya zare jita da fiyano, ya bar ganga da bes tsirara, sannan ya riƙa jefo guntun murya ko na ƙaho yana sa musu amsa-kuwwa har su ɓace. To King Tubby ɗin nan asalin sana'arsa gyaran rediyo da talabijin da ƙera amfilifaya. Duk ranar da maigida ya zo nan a labarin sai ya nuna kansa da ƙarfen like ya ce, "Ɗan'uwanmu na." An harbe King Tubby a ƙofar gidansa a 1989.

Ga mai koyon bes babu abin da ya kai dob, domin an kwashe duk abin da ke rufe maka kunne. Fara da King Tubbys Meets Rockers Uptown na Augustus Pablo, 1976. Waƙar da faifan ya ci sunanta daga "Baby I Love You So" ta Jacob Miller aka ciro ta, don haka saurari ta Jacob Miller tukuna, sannan ka saurari yadda aka warware ta. Haka za ka yi da Marcus Garvey na Burning Spear, 1975, da abokin tafiyarsa Garvey's Ghost na 1976, wanda waƙoƙin farkon ne aka mayar dob. Sai Super Ape na Lee Perry, shi ma 1976, daga sutudiyonsa na Black Ark. Wannan na ƙarshen kada ka fara da shi, sai kunnenka ya nuna, domin hayaƙi da hazo sun yi yawa a cikinsa.

Ban ce ka tsaya a Jamaika ba. Mu nan Afirka muna da namu. Faifan Jerusalem na Alpha Blondy, mutumin Kwaddibuwa, a 1986 ya fito, kuma da ƙungiyar Wailers ya ɗauke shi a Kingston, ka ga za ka ji hannun su Family Man a ƙarƙashin muryar ɗan Afirka ta Yamma. Ga Slave na 1987 da Prisoner na 1989 na Lucky Dube, wanda babu tashar motar da ba a ji shi ba a ƙasar nan kafin a kashe shi a 2007. Ga "Send Down the Rain" ta Majek Fashek da "Under Pressure" ta Ras Kimono. Abu ɗaya zan ja kunnen ƙannena a kai: kiɗa muka je ɗauka. Aƙidar masu shi da hayaƙin da wasunsu ke busawa, wannan nasu ne, a bar musu kayansu. Maigidana ko sigari ban taɓa ganin ya sha ba, kuma ba a rigan shi sahun farko.

Yanzu bari in faɗi inda abin ya yi mini ciwo, don kada a ce na ɓoye.

Na farko, mahaifina. Wata rana ya biyo mota daga Bodinga ba sanarwa, ya same ni rungume da jita. Bai yi faɗa ba. Ya zauna, aka kawo ruwa ya sha, suka gaisa da maigida, sannan ya dube ni ya ce, "Mu ba makaɗa na ba." Mutum ne da in an sa Narambaɗa a rediyo ba a yi masa magana sai waƙar ta ƙare, amma a wurinsa jin kiɗa daban, zama makaɗi daban. Wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato ya san wannan magana, kiɗa gado ne, yana da gidajensa, mu kuma gidanmu na allo ne, ga Sifawa nan kusa da mu inda Shehu ya zauna. Maigida ne ya roƙa mini arziki. Aka yanke cewa ba zan kaɗa a gidan biki ba, ba zan yi roƙo da ita ba, kuma jitar ba za ta kwana a Bodinga ba. Na ce na yarda.

Na biyu, Kano. A 2003 na ga ai aikin sutudiyo ba roƙo ba ne, sai na tara kuɗin mota na ɗauki jitar maigida na tafi, da niyyar in shiga cikin masu kiɗan fim. Na shiga wani sutudiyo na yi bayanin kaina. Mai fiyanon ya saurare ni da mutunci, har ya bari na kaɗa. Da na gama sai ya danna maɓalli ɗaya a jikin Yamaha ɗinsa, sai ga ganga, ga bes, ga komai yana tafiya shi kaɗai. Ya ce, "Malam, ka ga wannan ba ya neman kuɗin abinci." Aka yi dariya, ni ma na yi. Gaskiya ya faɗa. Kiɗan fim ɗinmu a kan fiyano aka gina shi tun farko, mutum ɗaya ne ƙungiya guda, kuma furodusan da ke lissafin kuɗin kaset ba zai biya mutum biyar ba a inda ɗaya ya isa. Amma tun daga Kano har Gusau ban ce wa kowa uffan ba a mota.

Da na dawo na ba maigida labari, sai ya lalubo wani kaset ya sa mini "Under Mi Sleng Teng" ta Wayne Smith, wadda King Jammy ya fitar a 1985. Ya ce wannan kiɗan bes da nake ji ba mutum ne ya kaɗa shi ba, daga cikin wani ɗan ƙaramin fiyano na Casio aka ciro shi, kuma bayan fitarsa masu bes da yawa a Jamaika sun rasa aiki. Daga baya na karanta cewa samfurin fiyanon MT-40 ne, kuma wata ma'aikaciyar kamfanin a Japan, Okuda Hiroko, ita ta tsara kiɗan, mace ce da ta yi nazarin rege tun tana ɗaliba. Ka ji fa. Ko kiɗan da ke cikin injin, sai da aka sami mai kunne ta zauna ta saurari Jamaika kafin ta zuba shi. Maigida bai san sunanta ba, amma abin da ya faɗa mini ke nan a daren: inji yana da sauti, kunne kuwa sai mutum. Ya ce wanda ya kore ka da fiyano, shi ma hannunsa na hagu bes yake kaɗawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Shi ya sa na ce wannan jeri ba na mai jita kaɗai ba ne. Yau kwamfuta ta karɓi aikin fiyano, amma ciwon yana nan. Sau da yawa in na saurari waƙar fim sai in ji an cika ko'ina da kiɗa, sarewa a nan, goge a can, babu inda aka bari numfashi ya shiga, ƙasan kuma bes yana bin fiyano kamar raƙumi da akala, ba shi da maganar kansa. Abin da nake nufi ke nan da na ce wa ɗan yayata kiɗansa ba shi da gindi.

Shawara ta ƙarshe ita ce ta mai gyara. Kada ka saurari waɗannan waƙoƙi da lasifikar waya. Igiya mafi kauri a jitar bes tana karkaɗawa kusan sau 41 ne a daƙiƙa ɗaya, ɗan ƙaramin lasifikar waya ba zai iya fitar da wannan ba, sai ka yi ta sauraren waƙa alhali abin da kake nema ba ya ciki. Nemi iyafis mai kyau ko babbar lasifika. In ka samu jitar, rage ƙarar sama, ka kaɗa kusa da wuya da tsokar yatsa, kuma ka koyi kashe sauti da tafin hannu kamar yadda ka koyi tayar da shi. Waƙa ɗaya a mako ta isa.

Family Man ya rasu a 2024, Robbie a 2021, Lee Perry shi ma a 2021. Maigidana ya riga su, Allah ya jiƙansa da rahama. Kafin rasuwarsa ya ce jitar tawa ce. Mahaifina ma ya rasu, Allah ya gafarta masa, amma alkawari bai mutu ba, don haka har yau jitar tana Shagari a hannun iyalin maigida, ni kuma ina Bodinga ina gyaran waya da rediyo. In na je gaishe su nakan zaro ta in goge mata ƙura, in kaɗa na ɗan lokaci, in mayar.

Ɗan yayata na zuba masa waƙoƙin nan a memori, na ce ya tafi da su Sakkwato. Shi ba a yi alkawarin da shi ba, tsakaninsa da mahaifinsa ne. Na gaya masa ranar da ya zo ya rera mini bes ɗin "Satta Massagana" da baki, tun daga farko har ƙarshe, da shirunsa da komai, za mu hau mota mu je Shagari. Shekaranjiya ya bugo waya ya fara rerawa, ya yi gaggawa a wuri biyu. Na ce ya mayar baya.